Ranar da Aka Kashe Injuna Aka Ji Jitata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kashe injunan kamfaninmu ba, kuma ko da Allah ya nufe ni da mantuwa, akwai mutum fiye da ɗari tsakanin Challawa da Panshekara da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta. Wasu da baki suke tunasarwa. Wasu kuwa in sun hango ni a bakin titi sai kawai su runtse ido, su karkace baki, su riƙa sosa ciki da hannun dama. Baƙo zai ɗauka ƙaiƙayi ne ya sauka a unguwar. Ni na san da wa ake.

Bari in fara da faɗin tsayin da na faɗo daga kansa. Na yi shekara shida ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare kafin in koma wani kamfanin roba a Challawa, inda ake yin butoci da bokitai da kujeru. Aikina duba ingancin kaya. Duk bayan awa ɗaya a kawo mini butoci daga kowane inji, in cika su da ruwa, in ɗaga sama, in leƙa gindinsu kamar ungozoma. Wadda ta yi yoyo in manna mata jar takarda a mayar da ita injin niƙa. Shi ya sa ake kirana Malam Kwaliti. (Ban taɓa hanawa ba. A zuciyata na ga sunan ya dace da mai shi.) Ni ne irin mutumin nan da ke tsayawa gaban allon sanarwa da jan biro yana gyara wa Manaja rubutu. Ba a ƙi ni ba, amma yanzu na gane an daɗe ana jiran ranata.

Ofishina wani ɗan keji ne na gilashi a tsakiyar zauren injuna. Wanda bai taɓa shiga irin wannan zaure ba, ba zai gane ƙarar ba. Ba kunne kaɗai ke jin ta ba, har haƙora. Injuna goma sha biyu, ga na niƙa a kusurwa, ga janareto a bayan katanga yana jiran a ɗauke wuta ya karɓi waƙar. Kuma ba a kashe su. Injin roba in ya huce da kaya a cikinsa robar daskarewa take yi, sai an yini ana fama kafin ya sake tashi. Don haka salla bi-da-bi ake zuwa, cin abinci bi-da-bi, su kuwa injuna suna nan suna aman butoci. Kowa da murfin kunnensa irin na ma'aikatan filin jirgi. Magana da hannu ake yi. A taɓa tsintsiyar hannu, lokaci ya yi. A kai hannu baki, abinci. A ɗaga babban yatsa kuwa, wannan ya ɗauke duk sauran Hausar: lafiya lau, na gode, Allah ya ƙara, da kuma “ban ji me ka ce ba amma wuce.” Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Ina da shekara arba'in da ɗaya abin ya same ni. Ina duba waya lokacin hutun rana sai na ci karo da bidiyon wani dattijo Ba'amurke, farin gemu, baƙar hula, yana kaɗa wani kiɗa mai sanyi da suke kira blues. Ya ce asalin wannan kiɗa daga ɓangarenmu aka kwashe shi aka tsallaka teku da shi, ɗan uwan garaya ne da gurmi. Nan take jinin malanta ya motsa. Na ce ashe kayanmu ne ya je yawon duniya ya dawo da hula. Ai kuwa wajibi ne a sami mai ilimi ya tarbe shi. Dattijon yana da darussa na 'yan koyo, daga na ɗaya har na arba'in, kyauta, data kawai za ka ƙona. Ranar Lahadi na shiga Sabon Gari na sayo wata tsohuwar jita, na cusa ta a buhun ƙwayar roba, na hau adaidaita na rungume ta kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Bayan la'asar na zare ta a tsakar gida. Maman Nana, matata, tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi abin.

“Baban Nana, mene ne wannan?”

“Jita ce.”

“Na ga jita ce. Wa ya rasu ya bar maka?”

Na fara yi mata bayanin tarihi, tun daga bakin teku. Ta bari sai da na kai gonakin auduga sannan ta ce, “Katangarmu ɗaya da Liman. Ko tari ka yi sai ya aiko a yi maka sannu. Kuma in Yaya Babba ya ji ƙaninsa ya koma kiɗa da furfura a gemu, taron dangi zai kira. Ka kai ta wajen aikinku, can ba mai ji.”

Ita da nufin rufin asiri ta faɗa. Amma a duk tsawon aurenmu ba ta taɓa faɗin gaskiyar da ta kai wannan ba.

Haka jita ta koma kejin gilashi. Kullum in na idar da sallar azahar ina da kusan rabin awa. Sai in jingina waya da buta, in sa iyafis a kunne, in kifa murfin kunne a kai, in ɗauki jita. Darasi na farko shi ne saita tsirkiya. Dattijon ya ce a sauke wata manhaja mai allura: ka taɓa tsirkiya, wayar ta saurara, ka riƙa murɗa kunnen jitar har allurar ta tsaya a tsakiya ta yi kore. Na taɓa, na murɗa, allura ta yi ta rawa, can sai ta yi kore. Na koma ta biyu, na murɗa yadda hannu ya ba ni, kore. Cikin minti uku na gama duka shida. Har na ji tausayin Turawan da ke kuka a ƙarƙashin bidiyon cewa saiti yana ba su wuya. Wata rana ma na lura allurar ta yi kore tun ban taɓa komai ba. Na girgiza kai na ce lallai fasaha ta ci gaba.

Daga nan karatu ya miƙe. Kamu uku ne kawai na yatsu, sai ka yi ta zagaya su cikin gaɓa goma sha biyu, in ka kai ƙarshe ka koma farko, kamar ɗan makarantar da aka yi wa rifitin. Dattijon yakan ce, “Yanzu mu kaɗa tare.” Sai ya fara, ni ma in fara. Abin da ke shiga kunnena kuwa, wallahi, zuma. Tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na yi mamakin kaina ƙwarai. Na san ina da basira, amma ban san ta kai har a mako uku in riƙa kaɗawa daidai da wanda ya yi shekara hamsin yana yi ba. (Mai karatu ya riga ya gane. Ina roƙon ya yi shiru, ni wata bakwai abin ya ɗauke ni.)

Ya ce a nemi abin da zai riƙe wa mutum bugu don kada ya yi sauri ko ya yi nawa. Ni ban sha wuya ba. Inji na huɗu, wanda ke daf da gilashina, yana da wata tafiya ta ɗingishi in yana rufewa da buɗewa, dum, ta-dum, ta-dum, daidai da tafiyar blues. Ta ƙasa nake jin sa, ta tafin ƙafa. Ya kuma ce lallai ɗalibi ya riƙa ɗaukar sautin kansa yana saurare. Na gwada sau ɗaya. Da na kunna, inji na huɗu ne ya fito tangaram daga farko har ƙarshe. Na ce to, shi ma ya iya, na share.

Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne fuska. A darasi na goma sha tara dattijon ya nuna yadda ake tura tsirkiya sama da yatsa har ta yi kuka, ya ce wannan kiɗan ba a yatsa yake ba, a zuciya yake. In yana yi sai ya runtse ido, ya karkace baki, ya ɗaga kafaɗa ɗaya, kamar wanda ya taka ƙusa a sahun gaba yana jin nauyin yin ihu. Na zauna na yi nazarin wannan fuska kamar yadda nake nazarin waƙa a aji. Gilashin kejina ya zame mini madubi. Yatsuna suka yi kanta, fuskata ta yi laushi.

Ma'aikata kuwa suna wucewa suna kallo. Da farko dariya suke yi. Da suka ga wata biyu, wata uku ban fasa ba, ga gumi, ga fuska, sai aka fara tsayawa. Duk wanda muka haɗa ido da shi sai ya ɗaga mini babban yatsa. Garba Injiniya, shugaban masu gyara, mutumin Ringim wanda bai taɓa yabon ko abincin gidansu ba, shi ma ya ɗaga. Labari ya bazu har wajen masu abinci a bakin get cewa Malam Kwaliti gwanin jita ne. Kowa ya gani da idonsa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan uwansa, “Kai ka taɓa ji?”

Wanda ya fi kowa kallona shi ne Baba Isuhu, mai riƙe da inji na huɗu. Mutumin Damagaram ne, shekara talatin da ɗaya yana tsaye gaban wannan inji, tun kafin a san da murfin kunne, don haka kunnuwansa sun riga shi yin ritaya. Yakan yanke bakin buta da 'yar wuƙarsa yana kallona yana gyaɗa kai. Wata rana ya turo ƙofar kejin ya shigo, ya sa bakinsa a kunnena.

“Malam! Ƙarshen wata za a sallame ni!”

“Allah ya sa albarka, Baba! Za mu yi kewarku!”

“Ƙanena zai zo daga gida da 'ya'yana biyu! Ba su taɓa ganin inda na ƙare ƙuruciyata ba! Jawabin Manaja kuwa tun ina ji na haddace shi, suna kawai ake canjawa! So nake ka yi mini garayar nan taka a gabansu, su san ban zauna a banza a Kano ba!”

Na ce, “Baba, kun taɓa jin kiɗan kuwa?”

“Me?”

“Na ce an gama!”

Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu. Idonsa ya kawo ruwa. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ko yanzu in na tuna ba na dariya a wannan gurbin. Dattijo ne da ya bar garinsu ya ba inji kunnuwansa, abin da ya roƙa kawai a fita kunyarsa a gaban danginsa na rabin awa. Ni kuma na ɗauki alkawari da cikakken yaƙinin wanda bai san komai ba.

Har waƙa na tsara. A tsarin blues, layin farko sau biyu ake faɗinsa, sannan na uku ya ba da amsa. Na yi ta haddace ta a adaidaita.

Ana saura kwana uku na gaya wa Maman Nana. Ta ajiye ludayi.

“A gaban mutane?”

“Da lasifika.”

“Baban Nana, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin kanka?”

“Kullum.”

“To Liman ya tafi Umara, Yaya Babba yana ƙauye. Kawo ta gida gobe ka gwada mini. Ni ko me na ji a cikina zai tsaya.”

Na yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya yi wa tambayar da ta wuce aji. Na ce mata abin da aka yi wata bakwai ana gwadawa ba ya buƙatar gwaji. Ni fa, wanda ko buta ba na bari ta fita get sai na cika ta da ruwa na leƙa gindinta.

Aka sa bikin ranar Asabar bayan azahar, don ya dace da ranar da ake yi wa injuna babban sabis na shekara. Manaja ya ce da an gama biki kowa ya tafi gida ya huta. Aka kafa rumfa a bakin ƙofar zaure, aka jera kujerun da mu muka yi su, aka kawo shinkafa da lemo. Na sa farar shadda, na ɗora baƙar hula da na nemo musamman.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kashe injuna.

Ban san yadda zan kwatanta shirun nan ba. Kamar an zare wa duniya ƙashin baya. Muka ji tsuntsaye, ashe akwai su a Challawa. Muka ji wani yana tauna goro daga nesa. Mutanen da suka yi shekara goma suna aiki kafaɗa da kafaɗa suka ji muryar juna a karo na farko, aka gano Garba Injiniya, duk girman nan nasa, siririyar murya gare shi kamar usur. Kowa kuma ihu yake yi saboda sabo. “Miƙo mini lemo!” sai ka ce gobara ta tashi. Da ina da hankali, a wannan shirun zan zaro jita daga buhu in ɗan taɓa. Amma na ga bai kamata a ɓata wa jama'a mamaki ba.

Aka buɗe da addu'a. Manaja ya yi jawabinsa, ya canja sunan. Baba Isuhu yana sahun gaba cikin sabuwar riga, ƙanensa na gefensa da rawani, dattijo mai kwarjini, ga 'ya'yan biyu sun ɗaga wayoyi. Sai mai gabatarwa ya ce, “Yanzu kuma, abin da kowa ke jira. Gwani na gwanaye, wanda Amurka ta koyar ta waya, Malam Kwaliti!”

Aka yi tafi. Na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Garba ya kafa makirfo a bakin jitar. Iyafis na bar shi a aljihu, don na ga na sauke karatu, ba sauran buƙatar malami. Na yi ɗan gajeren jawabi kan tarihin kiɗan, minti goma sha biyu kacal. Sannan na runtse ido, na karkace baki, na sauke hannu.

Ka taɓa jin an ja tsohon kwanon rufi a kan siminti, a daidai lokacin da akuya ta maƙale a wayar shinge? To ka ƙara da tiren cokula da ya suɓuce daga bene. Tsirkiya shida, kowacce da mazhabarta. Tsuntsayen da muka gano ɗazu suka tashi gaba ɗaya.

Na buɗe ido na dubi Garba da fuskar tuhuma. “Injiniya, lasifikar nan taku ta lalace.”

Ya canja makirfo. Na sake saukewa. Akuyar ta dawo, wannan karon da 'yar uwarta.

“Wayar makirfo ce,” na ce. “Cire gaba ɗaya.”

Ya cire. Ba makirfo, ba lasifika, daga ni sai jita sai Ubangijina. Na taɓa a hankali. Abin nan dai shi ne, ya rage ƙarfi kawai, bai rage mugunta ba. A nan ne, mai karatu, gaskiya ta sauko mini tun daga hula har takalmi. Wata bakwai dattijon Amurka yana kaɗa mini kiɗa a kunne, ni kuma ina karɓar yabo.

Garba ya mayar da makirfo, ya ce da siririyar muryarsa, wadda lasifikar ta kai har bakin get, “Farfesa, kayanmu lafiya suke.”

Na dubi Baba Isuhu. Ya gyara zama, fuskarsa cike da annuri, ya ɗan zunguri ƙanensa alamar ga shi nan za a fara. Gudu ba dama. Na ce a raina gaɓa goma sha biyu ce, ko a wuta mutum ya yi haƙurinta. Na fara. Sai na tarar da wata musibar: ƙasa ta yi shiru. Ba inji na huɗu a tafin ƙafata. Na rasa inda bugu yake. Hannun dama ya kama hanyar Bompai, na hagu ya nufi Kumbotso. Fuska ce kaɗai ba ta ci amanata ba, ta ci gaba da aikinta ba tare da ta nemi izinina ba. Na buɗe baki, da irin muryar da muka saba a zaure:

“Na tashi da asuba, motar kamfani ta bar ni!”

Na maimaita, yadda tsari ya ce:

“Na ce na tashi da asuba, motar kamfani ta bar ni!”

Daga baya wani ya ɗaga murya, “Mun ji, Malam! Sai ka hau adaidaita!”

Wannan ya ɓalle madatsar. Ba irin dariyar da ake yi da baki ba ce, irin wadda ake dannewa ce saboda baƙi, ta rasa hanya ta fito ta ido da hanci. Na ga ƙarti suna cusa hula a baki. Na ga Manaja ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Kujera ɗaya ta karye da mai ita (daga baya na duba, ni na sa mata hannu ta wuce). Layi na uku, wanda a cikinsa yabon Baba yake, cewa shi shekara talatin da ɗaya motar ba ta taɓa barinsa ba, ya nutse ba wanda ya ji.

Na kai ƙarshe ko ta yaya. Na ji ƙanen Baba ya karkato wajen Garba yana tambaya cikin ladabi, “Haka ake kiɗa a Kano?”

“A'a, Alhaji. Na Amurka ne.”

Dattijon ya jinjina kai a hankali. “Ashe suna cikin wahala. Allah ya kawo musu sauƙi.”

Ina shirin miƙewa in nemi ramin da zan shiga, sai Baba Isuhu ya tashi tsaye. Ya waiwaya ya ga jama'a kowa na share hawaye. Shi ma ya share nasa, na gaskiya. Ya ɗaga hannu ya yi tsawa da muryar da aka horar shekara talatin da ɗaya gaban inji:

“Ƙara!”

Ranar mutum ce, ba a musa masa. Manaja ya dube ni da irin kallon da likita ke yi wa dangin mara lafiya, ya ce, “Bismilla, Malam.”

Na sake farawa. Ban kai gaɓa ta uku ba na ji Garba yana cewa, “Yallaɓai, ai mun gama sabis tun ɗazu. Ya kamata a tada na huɗu, Baba ya yi bankwana da injinsa.” Manaja ya ce, “Maza.” Mutum ɗaya ya isa ya danna maɓalli, amma kusan ashirin suka tashi taya shi, wasu da farantin shinkafa a hannu. Mutanen nan an ba su hutun rabin yini. Manaja ya yi shekaru yana bin su da jiniya kafin su dawo daga cin abinci. Ranar nan da gudu suka shiga zaure. Aka tada na huɗu, wani mai tausayi ya ƙara da injin niƙa.

Ƙara ta dawo ta rufe ni ruf kamar bargo. Dum, ta-dum, ta-dum ta shigo ta tafin ƙafata, hannuwana suka dawo daga yawo suka haɗu. Ba na jin komai, ba mai jin komai. Na kaɗa gaɓa goma sha biyu cif, na tura tsirkiya, na karkace baki. Da na buɗe ido sai na ga rumfar gaba ɗaya, har Manaja, har mai rawani, kowa ya ɗaga mini babban yatsa.

A lokacin na gane fassararsa.

Da aka tashi, Baba ya kawo ni gaban danginsa yana riƙe da hannuna. “Kun gani? Ban ji ko ɗis ba, amma na ga yadda ya sa maza kuka! Har injina aka tayar mini!” Ƙanensa ya ce lallai an karrama yayansa, tunda har kiɗan wata ƙasa aka ɗauko masa, kuma ko ba daɗi ai nisa ma abin dubawa ne. Suka tafi suna alfahari. Wannan kaɗai na tsira da shi, kuma ban raina ba.

Ranar Litinin Garba ya shigo kejina, ya karɓi wayata, ya buɗe manhajar saiti, ya miƙa ta saitin inji na huɗu. Allura ta tsaya cak, kore shar. Ya rubuta a bayan wata takarda ya tura mini: “Wata bakwai injinmu kake saitawa. Mun gode, bai taɓa ba mu matsala ba.” Da na zaro jitar daga buhu kuma, na tarar an manna mata jar takarda, irin tawa, daga cikin durowata. Manaja ma da muka haɗu ya ja ni waje ya tambaya, ba dariya a fuskarsa, ko zan yarda in riƙa taɓawa kaɗan a ƙarshen hutun rana, saboda jiniya ta daina yi wa ma'aikata tasiri.

Ban cire jar takardar ba, kuma ban mayar da jitar injin niƙa ba. Na koma darasi na ɗaya. Yanzu ranar Lahadi nake tafiya gonar surukina a bakin kogi, inda ba inji, ba Liman, in saita tsirkiya a cikin shiru. Ashe da gaske yana da wuya, ina neman afuwar Turawan nan. Kwanan baya na ɗauki sautin kaina na kunna wa Maman Nana. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To, alhamdu lillahi, akuyar dai ta fita daga wayar. Saura kwanon.”

Abin da na koya bai fi a rubuta a gindin buta ba: kafin ka karɓi yabo, leƙa ka gani ko mai yabon da murfi a kunnensa. In kuma abin da kake ji ya cika daɗi, zare iyafis ka tabbatar kai ne.

Watan jiya ƙanen Baba Isuhu ya kira ni daga Damagaram. Za a yi auren ƙaramin ɗan Baba, kuma tsohon ya rantse ba mai yi masa kiɗa sai Malaminsa na Kano. Sai na tambaya ko akwai wani inji kusa da gidan. Ya ce akwai na markaɗe a ƙofar gida.

Na ce a riƙe mini shi.